Ɗan Fagge na Illela

"Bashar! Wai da ni kaka zance ko da wayar ga?"

"Ina jin ki, Kinana... ɗan jira ni kaɗan, don Allah."

Ko ɗago kai bai yi ba. Yana zaune a tabarmar da ta shimfiɗa masa a zauren gidansu, yatsunsa biyu sai tsalle suke a kan gilashin waya, furar da ta dama masa da hannunta har ta tsinke a kwano. Sakinatu ta cije leɓe. An kawo lefe, an sa rana bayan Babbar Sallah, amma kullum da la'asar sai wannan shegen wasan ƙwallo na waya ya ƙwace mata miji tun kafin ya zama miji.

"Kash! Ya ci ni," in ji Bashar, yana washe baki kamar an yi masa albishir.

"An ci ka, kuma kana dariya? Wa ac ci ka?"

"Wani ne... ba ki san shi ba."

"To shi zo shi dama maka hura!"

Ta suri kwanonta ta shige gida, ta bar shi yana kiran sunanta.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ba baƙuwar waya ba ce balle a raina mata wayo. Kwamfuta ta karanta a Sakkwato, kuma a shagonta na bakin kasuwa ake kawo duk na'urar da ta ƙi ji. Ita ta haɗa kyamarori a siton albasar Alhaji Yari, mahaifin Bashar, kuma a can suka fara ganin juna, tana bisa tsani yana riƙe mata ƙafar tsanin yana ta salati kada ta faɗo.

Ana cikin wannan fushi sai wayar tasa ta faɗi ta fashe. Ina zai kai ta in ba wurinta ba? Ta canza gilashi, ta kunna don gwaji, sai ga saƙonni na shigowa daga wani guruf mai suna Zaratan Iyaka. Ta ce wa zuciyarta ba za ta duba ba. Ta duba.

Guruf ne na masu wasan ƙwallon, kuma suna da doka: duk baƙo sai ya gabatar da kansa da murya, ya faɗi suna da gari da sana'a da abin da yake sha'awa. Kowa ya yi da murya. Bashar kaɗai ne ya yi a rubuce, cikin Kananci tsaf:

"Sunana Zakari, amma ku kira ni Ɗan Fagge. Mutumin Kano ne ni, ina sayar da atamfa. Ba ni da aure. Ina son ƙwallo da shayi. Ku yi haƙuri da rubutu, makirfon wayata ya lalace."

Innalillahi! Makirfon da yanzun nan ta gwada shi garau? Kano, mutumin da ko Gusau bai taɓa kwana ba? Can ƙasa kuma ga wata mai suna Ummi ta amsa masa da "Sannu da zuwa Ɗan Fagge" har da hoton fure. Ta miƙa masa wayarsa da yamma, amma ta riga ta kwafi hanyar shiga guruf ɗin.

Washegari da hantsi ta shiga. Nan da nan Mukhtar, shugaban guruf, ya tare ta.

"Maraba da baƙuwa. Dokar gida, Hajiya: murya muke so, ba rubutu ba."

Ai kuwa abin da take jira ke nan. Ta gyara zama tsakanin matattun kwamfutoci, ta danna.

"Assalamu alaikum Zaratan Iyaka. Sunana Sakinatu Malami, ɗiyar Illela, nan anka haife ni kuma ban jin kunyar hwaɗi. Sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa intanet da kyamarori. Ina son zanen lalle, ina kiwon zabi, ludo kaɗai na iya amma zan koyi ƙwallon ku. Wanda yaj jawo ni nan shi ne wanda za ni aure bayan Sallah, Bashar ɗan Alhaji Yari mai albasa, wanda kuka kira Ɗan Fagge. Makirfonshi lahiya lau, ni nig gyara wayar!"

Ta tura, ta jingina da kujera tana jin sanyi a ranta.

Guruf ya kaure da dariya. Mukhtar ya ce yau an kama ɗan Kano na bogi, Ummi ta ce ita matar aure ce da 'ya'ya, a yi mata rai. Ana cikin haka sai wani ɗan siririn rubutu ya bayyana: Direban Sahara ya fita daga guruf.

Ba ta ma kula ba. Sai da babur ya ci birki a ƙofar shago, Bashar ya shigo ko sallama babu, idanunsa jawur.

"Sakinatu... mi kika yi? Mi kika yi mani?"

"Gaskiya nif faɗa! Ko ta yi ɗaci, Malam Zakari?"

"Kin san wa at Direban Sahara?"

"Ina ruwana da shi!"

"Halliru ne. Ƙanena."

Duk Illela an san labarin Halliru. Shi ne autan Alhaji Yari da ya ƙi zaman sito, ya ce shi tuƙin babbar mota yake so, suka yi kaca-kaca da uban a gaban mutane, ya tsallaka Konni ya nausa Agadas. Ranar Alhaji ya rantse da Allah cewa babu ɗan gidansa da zai kira yaron nan a waya, shi ma ba zai kira ba. Halliru kuma ya aiko cewa ba shi da kowa a Illela.

"Wani abokina yat turo mani muryar wani gwani a guruf ɗin, don in ji dariya," in ji Bashar. "Ina kunnawa nij ji ƙanena. Ban iya kiran shi, Baba ya yi rantsuwa. In ya san ni ne, gudu za shi yi. Shi ya sa niz zama Ɗan Fagge. In nay yi magana ko sau guda, ya gane ni. Kullum la'asar in ya ajiye mota muna buga wasa, in bar shi shi ci ni don shi ji daɗi shi dawo gobe. Da haka nika sanin yana raye, Sakinatu! Da haka nika ce ma Inna, ɗanki lahiya lau yau."

"To mi yah hana ka gaya mani?"

"Na ji tsoron magana ta kai ga Baba."

"Au! Ni ce mai kai magana? Ka bar ni ina ta ƙuna, ina zaton wata ce! Ni boka ce da zan sani?"

"Da kin tambaye ni..."

"Na tambaye ka! Ka ce wani ne, ban san shi ba!"

Ya dube ta kamar zai yi kuka, ya juya ya hau babur ɗinsa.

Daga ranar zaure ya zama kango. La'asar ta yi, babu Bashar, babu waya, babu ko wasan da take tsine wa. Sakinatu ta rasa wa za ta ji haushi: shi da ya ɓoye mata, ko Halliru mai zuciyar tsiya, ko Alhaji da rantsuwarsa, ko bakinta da ya fi hankalinta sauri. Ta ƙona allon kwamfutar wani garin tunani. Zabinta ma da suka dame ta da kuka sai da ta jefe su da takalmi.

Innarta ta dube ta ta ce, "Ɗiyar nan, in kin ɓata, ki gyara. Ba gyara aka biyan ki kullum ba?"

Tana kwance tana juyi sai maganar rantsuwar ta faɗo mata. Ɗan gidansa, in ji Alhaji. To ita ai ba a ɗaura ba tukuna. Har yanzu ɗiyar Malami ce!

Lambar Halliru na nan a guruf, ta Nijar ce. Ta kira, ya katse. Ta sake, ya katse. Ta tura saƙo, ko buɗewa bai yi ba. Haushi ya sa har ta buga wayar a katifa. Can ta gane inda matsalar take: duk lambar Najeriya ce ba ya ɗauka. Ta zaro layinta na Nijar, wanda kowa a garin ke ajiyewa saboda ranar da sabis ya ɗauke, ta sa masa kati na sefa, kuɗin can, ta kira.

"Alo? Wa ke magana?"

"Wadda tab ɓata komi. Don girman Allah kada ka kashe, Halliru."

Tana jin ƙugin motoci a bayansa.

"Su sunka sa ki?"

"Ba wanda yas sa ni. Yayanka ko magana bai yi da ni."

"Leƙen asirina shika yi. Ya mai da ni wawa, ina ta ba shi labarin cikina ina zaton baƙo ne!"

"Leƙen asiri? Mutumin da ka barin budurwa tai zaune kamar gunki don shi buga ƙwallo da kai? Ka san hura nawa tat tsinke saboda kai? Kai kana zaton ka iya wasa ne? Bari shika yi ka ci shi!"

"Ƙarya ne! Wallahi da ƙarfina nika cin shi!"

"To dawo ka gwada mu gani!"

Ta ji kamar ya so ya yi dariya, sai kuma numfashinsa ya sauya.

"Inna fa?" ya ce a hankali.

"Kullum da magariba sai ta tambayi yayanka ko ka buga wasa yau. Tun da kaf fita, ba shi da abin ce mata."

Ƙit! Ya kashe.

Sakinatu ta bi wayar da kallo, hawaye suka zubo mata. Shi ke nan, ta ce, ta ƙara ɓatawa. Ta wuni tana duba guruf, ta kwana ta tashi, babu komai sai surutun Mukhtar. Har ta fara tunanin yadda za a zo a kwashe akwatunan lefe daga ɗakin Innarta.

Ran kasuwa da la'asar, tana ɗaure wayoyin intanet a shagon wani mai canji, wayarta ta yi ƙara. Direban Sahara ya shiga guruf. Mukhtar bai ɗaga masa ƙafa ba: "Wanda ya fita ya dawo baƙo ne. Dokar gida!"

Saƙon murya ya shigo. Ta saurara, ta saki kayan aikinta a ƙasa, ta tare ɗan kabu-kabu.

Ba a san amarya da taka gidan surukai kafin biki ba, amma ranar Sakinatu ta ja hijabi har goshi ta yi sallama. Hajiya Baraka, mahaifiyar Bashar, na tsakar gida tana tsince shinkafa. Bashar na zaune a gefe ya rafka tagumi, tun ranar ya kashe wayarsa. Ganin ta ya sa ya miƙe zumbur.

Ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ku gahwarce ni. Saƙo nik kawo."

Ta danna.

"Assalamu alaikum Zaratan Iyaka. Wancan karon ban hwaɗi gaskiya duka ba. Sunana Halliru Yari, ɗan Illela, autan Hajiya Baraka. Sana'ata tuƙi. Abin da nika sha'awa... ƙwallo, da tuwon Innata da miyar kuka. Ɗan Fagge yayana ne. Yaya, in kana ji, ka zo mu buga, kuma kada ka sake ka bar mani. In Baba ya yarda... ina son in zo ɗaurin aure."

Tiren shinkafa ya zame daga cinyar Hajiya. Ta kama hannun Sakinatu da wayar gaba ɗaya ta manna a ƙirji tana kuka.

"Sake kunna mani, ɗiyata... sake kunna mani!"

Bashar ya juya baya yana share ido da hular da ya cire. Sai kawai suka ji gyaran murya. Alhaji Yari ne tsaye a bakin turakarsa da carbi a hannu, ba wanda ya san tun yaushe.

"Wa yak kira shi?"

"Ni ce, Baba," ta ce, kanta a ƙasa. "Ban zama ɗiyar gidan ga ba tukuna."

Alhaji ya dube ta. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ƙara sautin," ya ce. "Ban ji da kyau ba."

Ta ƙara. Ya saurara har ƙarshe, gemunsa na motsi. Sannan ya dubi Bashar.

"Gobe a auno gero na mutum goma a kai ma mabukata. Kaffarar rantsuwa ce." Ya miƙo hannu. "Ke kuma ɗiyar Malami, sa mani lambar yaron nan."

Ta sa, ta miƙa masa da hannu biyu. Bashar ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Kinana... ki yahe mani."

"Sai na yi shawara, Malam Zakari," ta ce, tana dariya tana hawaye.

A bayansu wayar ta shiga, aka ɗauka.

"Halliru?" in ji Alhaji. "Ni ne... Babanka ne."