Bututun da Ya Kewaye Gidan Sha'aban

Ana gab da magariba Sha'aban ya murɗa bawul na ƙarshe, wato makunnin ruwa, ya dafa bututun bayan ɗakin 'yarsa Tahira, ya ji zafi. Har dariya ya yi shi kaɗai.

Shekara ashirin ya yi yana aikin famfo a otal-otal na Kano. Da ya dawo ƙauyensu kusa da Shanono, sai ya rantse an daina hura wutar ruwan wanka a gidansa. Ya ɗora tankin da rana ke dafawa a kan rufi, ya ja bututu ta gindin katanga ya kewaye gidan ya komo tanki, ƙaramin inji yana zagayawa da ruwan ba tsayawa. Sai dai ɗakunan kusa ke shanye zafin, na Tahira, wadda ta zo wankan jego, ya tashi da sanyi. Sati guda yana rage wa wannan, yana ƙara wa wancan, don shi ba ya son a ce aikinsa da saura. Yau ruwa ya daidaitu, bututun ya ɗau zafi ko'ina.

Ko sallah ba a idar ba tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, kuma daga tsakar gida ake jifan. Tahira ta ajiye jaririnta a tabarma, ta miƙe, ta bi gindin katanga tana zagayawa. In ta zo bakin zaure, inda bututun ya ratsa ƙarƙashin dokin ƙofa, sai ta ja da baya kamar ta taka garwashi.

Kwana uku ana haka. Ba ta ko kallon yaron, balle ta ba shi nono. Mahaifiyarta Larai ta ɗura masa madara, ya amayar. Muryarsa ta dishe, kukan sai dai a gani a fuska. Ƙofa a buɗe take, amma ba mai iya fita ya bar su, tsoro ya cika kowa.

Rana ta huɗu da la'asar Malam Abdulhadi mai ruƙiyya ya zo. Ya daɗe yana karatu kafin Tahira ta tsaya cak.

"Me kika zo nema a jikin baiwar Allah?" in ji Malam.

Muryar da ta amsa ta wata mace ce, a gajiye. "Fita nake nema, Malam. Tun ba a yi katangar nan ba nake shigowa ɗibar ruwa a rijiyarsu. Da aka ja ƙarfen nan, bayan ɗakin yarinyar ne kaɗai ke da sanyi, ta nan nake bi. Ran nan ina ciki maigidan ya rufe ni da wuta. Ɗana yana waje cikin dawa, bai sha nono ba. Nasu ma ba zai sha ba."

"Ki ji tsoron Allah. Me jaririn nan ya yi miki?"

"Nawa me ya yi?"

Larai ta fashe da kuka. 

"A tone bututun duka," in ji muryar.

Malam ya ce, "A'a. Za a bar miki hanya, ke kuma ki rantse ba za ki ƙara taɓa kowa a gidan nan ba."

Ta rantse. "Amma hanyar har abada."

Sha'aban ya ɗaure bawul ɗin bayan ɗakin tamau, ya yi bismilla, ya kwarara wa bututun ruwan randa. Suka tsaya suna jira har ƙarfen ya huce.

Tahira ta zube. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, miƙo min shi."

Yaron ya kama nono. A lokacin ne, can bayan katanga cikin dawa, wani siririn kuka ya tsaya, sai da ya tsaya suka gane kwana huɗu suna jin sa.