Na'urorin Aro

Ranar da masu tantance kwalejoji suka zo ƙaramar kwalejin Ba Madu da ke Wulari, 'yarsa Fanna ce ta buɗe musu ɗakin gwaje-gwaje. Mukhtari, ƙaraminsu, ɗan Kano, yana cikin ƙirga na'urorin hangen ƙwayoyin cuta ya ɗago suka haɗa ido. Bawan Allah sai da ya sake ƙirgar daga farko.

"Goma sha biyu. Ɗalibai na aiki da su?"

"Suna yi," ta ce, idonta a ƙasa.

Ƙarya ta yi. Biyu ne nasu, sauran aro ne daga wata makaranta, ita da hannunta ta liƙe takarda a kan sunan masu su. Baƙi na tafiya aka mayar.

Kwalejin ta tsallake tantancewar, soyayya kuma ta kankama. Kullum sai saƙon Mukhtari ya shigo wayarta: "Fannata, gaskiyarki ce ta fara sace ni, kafin murmushin."

Duk ta karanta sai ta kife wayar. Ranar da ya ce zai turo iyayensa, ta rubuta masa: "Sahibina, na'urorin nan na aro ne. Ɗalibanmu a allo kawai suke ganin ƙwayar maleriya. Ka yafe mini."

Kwana uku bai amsa ba. A na huɗu ya kira, muryarsa a sanyaye.

"Dole in gyara rahotona, Fanna. Amma ina nan a kan maganata."

Aka dakatar da sashen kimiyyar. Ba Madu ya ce ko sunan yaron kada ya ƙara ji a gidansa.

"Baba, ni na gaya masa," ta ce tana kuka. Wata biyu bai amsa gaisuwarta ba.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ta kai shi gwajin jini. Mai gwajin ta miƙe da murna.

"Baba, Phebe ce, ɗalibarka ta bara!"

Tsoho ya janye hannunsa, ya ce wa Fanna a hankali su nemi wani wurin. A cikin keke napep, da suka kusa gida, ya juyo ya dube ta.

"Jinin mutane nawa ta duba?"

Washegari ya ce mata Mukhtari ya turo iyayensa.

Bayan sallah aka ɗaura aure. Ba Madu ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi muku albarka. Idan ka dawo dubawa, ɗana, ka ɗaga kowace takarda."