Kowa Ya Kwanta

"Kowa ya kwanta!"

Muryar Mailafiya ce, muryar fareti, abin da aikin soja ya bar masa gado. Mailafiya dai suna ne kawai. Tun da aka sallamo shi daga daji, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya nemi wanda zai shaƙe. Matarsa ta gaji ta koma gidansu.

Juma'a ce, rana tsaka, a wani shagon cirar kuɗi da ke Ƙofar Ruwa. Ɗanladi, ogan harkar, shi ya zaɓi lokacin. Ya ce ko ɓarawo ya san darajar Juma'a, ranar da maza ke bar wa mata tsaron shago. Anas, direbansu, na waje cikin adaidaita, inji a kunne. Sharaɗin Mailafiya ɗaya ne: ba jini. Ya ga wanda ya ishe shi.

"Baaba, tsawa kawai za ka yi," in ji Ɗanladi. "Bindigar ado ce."

Mata biyu da suka zo cirar kuɗi suka zube ƙasa suna salati. Mai shagon kuwa, Hajiya Larai, tana zaune tana taunar goro kamar tallan kunu aka shigo yi.

"Hajiya, kurma ce ke? Kwanta!"

"Ga jakar nan, ɗauka," ta ce. "Kwanciya kam na yi ta sau ɗaya."

Ɗanladi ya fizge jakar ya cilla wa Anas. Da Ɗanladi mai hankali ne, da nan ya tsaya. To amma ƙwaya ba ta san an ci riba ba.

"Kan uba! Ni za ki raina? Kofur, fasa mata ƙafa!"

"Mun ce ba jini."

"Dalla harbe ta!"

Hajiya Larai ta tofar da tuƙar goro, ta miƙe tsaye. Idonta a kan Mailafiya.

"A Tumbun Gora, bakin tafki, haka 'yan ta'adda suka ce mana. Kowa ya kwanta. Muka kwanta, ni da maigidana da 'ya'yana maza. Ni kaɗai na tashi. Harba ina tsaye, ɗan nan!"

Tumbun Gora! Wani wari ya daki hancin Mailafiya, warin da ba na Kano ba. Kunnensa ya ɗauki ƙara.

Tas! Ɗanladi ya wanke ta da mari.

Kar wani ya ce jarunta Mailafiya ya yi. Ko Ɗanladin bai gani ba, daji ya gani. Ya juya gindin bindiga... ƙum! Ya ƙara... ƙum! Yana ihu yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Sai da matan nan suka kurma kururuwa ya ga abin da ke gabansa: oga a bakin ƙofa, kai a fashe.

"Anas!" Mailafiya ya ƙwala kira.

Ina! Anas ya ga jaka a cinyarsa, ya ga rabo ya koma na mutum ɗaya, ya murɗa wuta. Sai dai abin da Ɗanladi mai wayo ya manta, ranar Juma'a sahu kan cika titi. Anas ya sha kwanar Gwammaja ya yi kiciɓis da masallata, daidai an yi sallama. Ihun matan ya riga shi isa, ko takalmi ba su tsaya sakawa ba suka rufar masa. Motar 'yan sanda da aka kira daga wajen Dala, ita ma tana bayan wani sahun tana jiniyar banza.

Wasu daga cikin masallatan suka yo kan shagon. "Ɓarayi! Ga sauran can! A kawo taya!"

Mailafiya ya tsaya kamar an dasa shi, bindiga a ƙasa. Hajiya Larai ta tura matan waje, ta jawo ƙofar ƙarfe, garam! Ta danna sakata. Duwatsu suka fara sauka.

"Ba don kai na yi ba," ta ce tana haki. "Na gaji da ganin gawa ne."

Ya sulale jikin bango. Kunya ta kama shi, irin wadda ya manta akwai ta.

"Hajiya... na san garin. Rundunarmu aka tura."

Ta juyo ta dube shi.

"Mun jira ku."

"Mun zo. Bayan an gama. Mu muka binne su."

Ta dafe kanta, ta zauna daɓas. Ashe tun da ta gudo ba wanda ya taɓa gaya mata ko an rufe su.

Ɗanladi bai kai asibiti ba. Anas, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwaci abin da ya saura na jikinsa. Mailafiya da ya ce ba jini, shi ne mai laifin kisan kai, kuma ya san inda alƙali zai kai shi. Amma duk wannan daga baya ne. A lokacin, ana dukan ƙofa ana cewa a buɗe, hukuma ce, Hajiya Larai ta riƙe sakata ba ta zare ba.

"Ɗan nan, an yi musu sallah?"

Mailafiya ya tuna ramin, da motar tona ƙasa, da yadda suka toshe hanci suna sauri kafin duhu.

"An yi, Hajiya. Ni na ja."

Ƙarya yake. Amma cikin duk abin da ya aikata a ranar nan, ita kaɗai ce ban ga laifinta ba.