Faretin da Ba a Sallama Ba

Ana dab da magariba Inna ta leƙa randa ta hango gindinta, ta ɗora wa Tasalla tulu ta ce maza rijiyar bayan gari. Tasalla ta fita tana ƙunƙuni, amma da muryar Innar take ƙunƙunin, har da jan hancin.

Halinta ke nan. Duk ƙauyen nan na gefen Roni babu wanda bakinta bai ɗauka ba: tarin liman, dariyar mai unguwa, kukan jakin Hamma. Amma wanda ta fi ƙwarewa a kansa mutum ne da ba ta taɓa gani ba, Saje Baba Kura. A bakin kawunta Madu ta ɗauke shi.

Kawu Madu tsohon soja ne, ya yi yaƙin Jamus a Kamaru a ƙarƙashin Saje. Da aka gama, shi da 'yan rukuninsu suka kamo hanyar gida a ƙafa daga Kano, annobar mura ta cim musu a nan. Gari ya rufe musu ƙofa. A fakon bayan gari suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Madu yana haƙawa yana rufewa shi kaɗai, ko tsinke bai kafa ba, don shi ma jiri ke ɗibarsa. Da ya warke ya kasa barin garin, har ƙanwarsa, Inna, ta biyo shi ta yi aure a nan. Ruwa ya shafe tudun kaburburan, aka sare kukar da ya yi shaida da ita. Tun daga nan yake nema. Ya tambayi makiyaya, ya tambayi mafarauta, ya yi ta soka sanda a ƙasa ko zai ji inda ta yi laushi. Yanzu ido ya tafi, gwiwa ta tafi, ga dagaci ya raba fakon ga manoma. Ruwan farko na sauka, fartanya za ta shiga.

"Gero za a shuka a kan ƙirjinsu," in ji shi. "Kuma ba a sallame mu ba, 'yar nan. Saje ne ya mutu a ƙarshe. Cikin zazzaɓi ya tashi zaune yana kiran sunan mutanen da na riga na binne. Kafin ya zo kaina numfashi ya tsaya."

Kullum da yamma sai ya jero sunayen da muryar Saje. In ya zo kan nasa ya yi shiru.

Tasalla ta cika tulu. Rana ta faɗi, ta ga hanyar ta yi mata nisa, ta yanke ta cikin fako. Ba iska. Kurciyoyi sun yi tsit. Can gabas hadari na ƙifta ido, ba ƙara. Sai ƙarar ruwa a tulu, da ƙasa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta.

Shirun ya dame ta. Don ta samu abokin tafiya, ta turo ƙirji, ta shaƙe maƙogwaro.

"Folin! A shiga layi! Kai, ƙattin banza, wa ya ce ku kwanta? Daudu Roni!"

Ta buɗe baki za ta yi dariya.

"Ga ni, Saje."

Daga hagunta. Ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin rijiya.

Ta tsaya cak. Wani wari ya taso: albarushi, jiƙaƙƙen kaki, da zufar mai zazzaɓi. Sannan dim! Diddige mara takalmi ya daki ƙasa.

Ta so ta ce a'uzu billahi. Abin da ya fito daban.

"Sama'ilu Gwiwa!"

"Ga ni, Saje." Wannan da tari a ciki.

Ba ita ke kwaikwayo ba yanzu. Muryar ta yi wa maƙogwaronta girma, tana fita tana kankare shi.

"Muhammadu Lawal Kanya!"

"Ga ni."

Ba ta juya ba, amma ta gefen ido tana ganinsu. Dogaye. A jere. Jar dara a kowane kai, ƙarƙashinta duhu.

"Adamu Babura!"

Dim.

Saura ɗaya. Ta san shi. Yana can gida a kan buzu, yana laluben buta.

A ƙarshen layin akwai gurbi, daidai faɗin mutum.

Leɓunanta suka haɗu da kansu. "Ma..."

Ta cusa bakin zani a baki ta cije. Sunan na dukan haƙoranta ta ciki. Ta ji gishirin jini.

Kawunan suka juyo gaba ɗaya.

Suna jira.

Numfashin wanda ke kusa da ita ya taɓa kunnenta, da zafi. "Saje," ya raɗa, "mun gaji da tsayuwa."

Ta zare zanin daga bakinta. Ta lalubo muryarta, tata ta gaskiya, 'yar siririya wadda ita kanta ta kusa mantawa.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Shi bai shirya ba. Ku kwanta, an sallame ku."

Tulu ya suɓuce. Fash!

Ta kwasa. Ƙaya ta tsage mata zani, ba ta ji ba. A bakin zaure ta faɗi, liman na ɗaga murya da kiran salla.

Da gari ya waye maza suka fita, Hamma ya ɗora Kawu a jaki, Tasalla na nuna musu daga nesa. Tulun ya fashe, amma gutsattsarinsa ba su watse ba. A jere suke, kowanne a kafe a ƙasa, irin yadda ake yi wa kabari shaida. Kawu ya sauka ya bi su da rarrafe yana shafawa, yana kiran kowa da sunansa, har ya zo kan na Saje. Gaba da shi akwai wani guda, a kife.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Sun bar mini."

Liman ya ce matattu ba sa magana, aljanun wurin ne suka haddace muryoyinsu. "Su ma gwanayen kwaikwayo ne," ya ƙara, yana hararar Tasalla. Duk da haka ya ja addu'a, dagaci ya sa aka kewaye wurin da ƙaya, aka jera duwatsu. Da ruwa ya sauka, fartanya ta kewaye shi.

Tasalla ta ci gaba da tarin liman da jan hancin Inna. Muryar Saje kuwa ko an roƙe ta ba ta yi.

Bayan an shigar da gero, wata magariba, tana tankaɗe a tsakar gida, bakinta a rufe, sai ta ji muryar Saje daga wajen fako, tas, a shaƙe.

"Madu Kukawa!"

Rariya ta faɗi daga hannunta. Daga cikin ɗaki, a hankali, kamar wanda aka sauke wa kaya, Kawu ya amsa.

"Ga ni, Saje."