Ƙafar Hagun Jumare

Harbin farko ya tashi daga cikin kantin gwal na Hajiya Lantana ana dab da kiran azahar, ranar wata Asabar, a Garki. Jumare yana zaune cikin mota a bakin titi, inji na aiki, hannunsa a kan giya. Ko gezau bai yi ba. Ya dai ga mai gasa masara ta bar masararta a wuta ta zura da gudu, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Mutum uku ne suka shiga kantin nan da bindigogi. Biyu daga ciki ko oho, su ƙarata can. Amma na ukun Ikrama ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abin da ya zaunar da Jumare a kujerar nan ke nan, ya fitar da shi daga Garki da ransa.

Jumare bakanike ne a Dutse Alhaji, kuma a garejinsa Ikrama ya girma har ya yi gemu. Wata rana wani mutum da ake ce wa Oga Kure ya kawo gyaran birki, ya tafi da motarsa, ya kuma tafi da hankalin Ikrama gaba ɗaya. Jumare ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa shi da Allah da kabarin uwarsu, duk a banza. Da ya ga ba zai iya janye shi ba, sai ya ce to shi zai riƙa tuƙa su, don kada ran ƙaninsa ya rataya a ƙafar wani ɗan ƙwaya. Wauta ce? Wauta ce mana, shi ma ya sani. Tun daga lokacin ya daina jin daɗi, ya daina jin tsoro, abinci ma cusawa kawai yake yi.

Motar tasa ce, tsohuwa mai giyar hannu, wadda ya yi shekaru yana kabu-kabu da ita tsakanin Dutse da cikin gari. Kulocinta folo-kam ne, wato wanda ta zo da shi daga kamfani, ba a taɓa kwance shi ba. Ya sha gosulo, ya sha lodin mutane da buhunan doya, bai taɓa ba shi kunya ba. Can sama yake kamawa, sai ka kusa ɗage ƙafa duka sannan motar ta fara tafiya a hankali. Ƙafar hagun Jumare ta san wurin nan ko da barci yake yi.

To amma komai yana tsufa. A aikinsu na baya, suna hawan tudu su huɗu, ya ba ta wuta sai inji ya yi ta kururuwa motar tana jan ciki, ƙaurin ƙonewa ya cika su. Da ƙyar suka sha. Washegari Oga Kure ya tara su a ƙarƙashin mangwaron bayan gareji, shi da Michael, na hannun damansa, ya ce motan nan ya kusa kashe su, dole a canza masa kuloci. Haka yake magana, mota namiji ce a bakinsa.

Jumare ya yarda a canza. Ya ce a sayo irin na kamfanin sak, sabo ko na hannu ɗan Beljiyam mai kyau, tunda wanda ya yi shekarun nan ai ya nuna halinsa. Oga Kure ya zaro waya ya nuna musu motocin tsere na Turawa suna tashi tayoyi na hayaƙi. Ya ce irin nasu yake so, mai farantin da ba ya santsi, har ya riga ya yi magana da wani dila.

Jumare ya yi masa bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Irin wannan ba shi da tsaka-tsaki, ko ya kama ko ya saki. Yana da tauri a ƙafa, yana son a yi ta yawo da shi a hankali kafin ya zauna, kuma in an sa shi to giyar ma tana son mai ƙarfi, in ba haka ba duk fizgar a kanta za ta ƙare. Oga Kure ya saurara yana sakace, sannan ya tofar da tsinken.

"Kai tsoho ne, motanka tsoho ne. Asabar akwai aiki. Ka sa shi."

Ikrama ya yi dariya ya dafa kafaɗar wansa, ya ce Yaya ai ko jirgin ƙasa aka ba shi zai tuƙa. Jumare ya ɗauko kayan aikinsa. Ya sauke giya, ya ɗaura sabon da hannunsa, ya ɗaure kowane noti yadda ya kamata. Da ya gwada sai ya ji abin da ya zata, daga ƙasa-ƙasa yake cafkewa, ƙafa na motsawa kaɗan motar ta zabura. Ya zagaya unguwa da ita har ya ga kamar ya iya. Da safen Asabar ma lafiya lau ya kawo su Garki, yana lura da ƙafarsa kamar mai koyon tuƙi.

Harbi na biyu ya tashi, sai na uku. A cikin kantin Hajiya Lantana tana kwance rubda ciki tana salati, mai gadinta ya riƙe cinya jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa. Abin da su Oga Kure ba su sani ba, wata motar sintiri tana bayan layin, 'yan sanda suna cin abinci a rumfar wata mata. Sajansu ya ajiye cokali ya ce a tashi.

Ƙofar kanti ta buɗe. Oga Kure ya fito a gaba da jaka, Michael na bin sa, Ikrama a ƙarshe yana waige. Oga Kure ya faɗa gaba, sauran biyun suka faɗa baya. Ta madubi Jumare ya hango hancin motar sintiri tana shan kwana.

"Oya! Taka shi!"

Ya sa giya ɗaya. A nan kansa ya bar aiki, ƙafarsa ta karɓa. Ita kuwa ƙafar ba ta san da wani sabon kuloci ba, ta ɗago da sauri tana neman tsohon wurinta can sama. Motar ta yi tsalle ɗaya — gif! — ta mutu.

Kafin Jumare ya kai hannu ga makulli sai ya ji ƙofar baya ta buɗe. A garejinsu, in mota ta mutu, ƙarami ne ke fita ya tura, ba a ma faɗa masa. Ikrama ya yi wannan tun yana tsayin taya. Bai yi tunani ba shi ma. Ya ajiye bindigarsa a kujera, ya zagaya baya, ya kafa hannu biyu a jikin but ɗin motar ya sunkuyar da kai.

Alhali motar ba ta bukatar turi. Jumare ya murza makulli, ta tashi nan take.

"Ikrama! Shigo!"

Harsashi ya fasa gilashin baya. Michael ya kwanta a kujera ya jawo ƙofar ya rufe. Jumare ya ji sanyin ƙarfe a ƙarƙashin kunnensa, Oga Kure ya danna masa bakin bindiga.

"Ka bar shi. Tafi, ko in zuba ƙwaƙwalwanka a sitiyari."

Har yau Jumare bai san ko shi ya saki ƙafar ba ko ita ta saki kanta. Sabon kulocin ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Motar ta fizga kamar an harba ta, tayoyi suka yi ƙara. A madubi ya ga Ikrama, wanda ya zuba duk nauyinsa a kan but, ya tafi da fuska a kwalta. Ya ga ya yunƙura zai tashi. Ya ga rigarsa ta yi tsalle a baya sau biyu, ya koma ya kwanta.

Giya biyu. Giya uku. Oga Kure ya sauke bindigar yana haki, har da dariya, yana cewa ka gani ko, ka ga yadda motan yake tashi yanzu? Michael ya ce rabon mutum uku ya fi na huɗu auki. Jumare yana jin su kamar ana magana a wani ɗaki. Babu kuka a ransa, babu fushi. Titin ne kawai a gabansa, da shataletale yana matsowa, inda za su ɗauki hanyar da za ta fitar da su Kwali.

Ya shiga shataletalen. Hanyar tasu ta zo, ya wuce ta. Oga Kure ya ɗauka kuskure ne, ya zage shi ya ce ya zagayo. Ya zagayo ɗin, ya sake wuce ta, ya miƙe kan titin da suka fito.

"Kai! Ina za ka? Ka haukace ne?"

"Na manta ƙanina," in ji Jumare.

Michael ya buɗe ƙofa ya yi tsalle motar na gudu, ya gangara kansa ya daki bakin kwalbati, bai ƙara motsi ba. Oga Kure ya kama sitiyari suna kokawa, da ya ga hannun bakanike ya fi ƙarfinsa sai ya harbe shi a kafaɗa. Jumare ya ji kamar an doke shi da guduma, zafin bai zo ba tukuna. Bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Motar sintiri tana tahowa, su ma suna tafiya, sai da ya rage kaɗan su haɗu ya taka birki ya kwanta gefe. 'Yan sanda suka buɗe wuta — ta-ta-ta-ta! Gilashi ya zubo masa a wuya. Oga Kure ya faɗo a kansa da nauyi, jakar ta fashe, sarƙoƙi da 'yan kunne suka watse a ƙarƙashin kujera cikin jini.

Suka jawo Jumare waje ta ƙafa, suka dake shi iya son ransu, bai kare ko fuska ba. Mutane suka taru suna cewa a kawo taya da fetur, sajan ya harba sama ya kore su. Aka ɗaure masa hannu ta baya, aka wurga shi bayan motar sintiri, aka koma ƙofar kantin. Can aka ɗauko Ikrama hannu da ƙafa aka jefo shi kusa da shi.

Da sauran numfashi a jikinsa. Fuskarsa duk kwalta ta ɗaye ta, idonsa a buɗe amma ba ya ganin komai. Jumare ya ja jiki da gwiwa har goshinsa ya taɓa nasa, ya kira sunansa. Leɓen Ikrama ya motsa, sai da Jumare ya kara kunne sannan ya ji.

"Yaya… ta tashi?"

"Ta tashi," Jumare ya ce.

Ikrama ya ɗan gyaɗa kai, irin na wanda ya gama aikinsa. Jumare ya fara laƙƙana masa kalmar shahada a kunne, yana faɗa yana maimaitawa, motar tana tafiya tana jijjiga su. Suna tsaye a danja wani kurtu ya leƙo, ya taɓa wuyan Ikrama da bayan hannu, ya ce wa Jumare ya yi shiru haka nan, wanda yake yi wa tun ɗazu ba ya ji.