Sai An Busa Usur

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya daga jami'a, aka ce wata ɗaliba ta mutu a wurin koya wa ɗalibai yadda za su tsira da ransu. Sai da ya sa aka maimaita masa, don ya ɗauka kunnensa ne.

Makon wayar da kai kan tsaro ake yi. 'Yan sandan da ke kula da harabar jami'ar ne suka shirya shi, kuma wajen ado ba su yi ƙasa a gwiwa ba: ƙyallaye a jikin kowace bishiya, riguna masu rubutu, kowane ɗalibi an ba shi usur na roba ya busa in ya shiga haɗari. Ranar ƙarshe aka yi gwajin gobara a ɗakin kwanan mata. Aka kunna gwangwanin hayaƙi a wani ɗaki na ƙasa, aka sa ɗaliba ɗaya ta kwanta ciki kamar ta suma, 'yan agaji su shiga su ɗauko ta a yi tafi. Sun ɗauko ta, an yi tafin, ba ta tashi ba.

'Yar ajin ƙarshe ce a fannin shari'a. Kowa Lauya yake ce mata, sunan da mahaifinta ya laƙa mata tun tana ƙarama.

Mahaifin na zaune a kan benci a baranda, direban babbar mota, ko kayan aiki bai cire ba. Ya miƙe da ya ga kaki.

"Yallaɓai, sun ce laifinta ne, wai ta ɓoye ciwonta. Haka ne?"

"Zauna, Baba. Ban duba ba tukuna."

Magatakardan jami'a ya ja Sufeto gefe yana goge tabarau.

"Abin a bayyane yake. Tana da asma, ba ta faɗa ba. Haka za mu sanar da yamma, don a rage wa iyayen wahala."

Sufeto ya wuce shi ya nufi ɗakin da abin ya faru. Ya sha ganin irin wannan tausayin, kullum a kan mamaci yake ƙarewa.

Ɗakin har yanzu yana warin hayaƙi. Gado biyu, teburin karatu, taga ɗaya mai gilashi. An bi gefen tagar da salatif an liƙe tsaf, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. A jikin gilashin, ta ciki, akwai shatin tafin hannu, ba ɗaya ba.

Wanda ya shirya gwajin Saje ne, ɗalibai na ce masa Malam Tsaro. Tare suka yi makarantar horo da Sufeto, gado kusa da gado. Sufeto ya yi gaba, shi an bar shi yana koya wa 'yan jami'a tsallaka titi.

"Wa ya liƙe tagar?"

"Ni ne, Yallaɓai. In ba haka ba hayaƙin zirarewa yake, ba ya fita a hoto."

"Ka san tana da asma?"

"Ina zan sani? Ita ta ɗaga hannu ta ce za ta yi."

"Yaushe 'yan agaji suka shiga?"

"Ƙa'idarmu ce, ba mai shiga sai na busa usur. Hayaƙi na tashi na busa."

"Jakarta fa?"

Saje ya nuna wani kwando a bakin ƙofa. Darasin farko da yake koyarwa ke nan: in gobara ta tashi, a bar komai. Sufeto ya zazzage jakar. Biro, tabarau, abin shaƙar masu asma, da usur na roba, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Abokiyar kwanan marigayiyar na ɗakin jinya, an ba ta ruwa ta kasa sha.

"Ina kike lokacin?"

"Can baya. Ban ga komai ba."

"Me ya sami hannunki?"

Ta ja hannun riga ta rufe. A wuyan hannun akwai shatin yatsu, ya fara yin baƙi.

"Ƙofa ce ta buge ni."

"Ƙofa mai yatsu. 'Yata, wa ya ce ki yi shiru?"

Ta dubi ƙasa. "An ce duk wadda ta ɓata sunan jami'a ba za ta rubuta jarrabawa ba. Saura mako biyu."

Sufeto bai matsa mata ba. Ransa ne ya ɓaci, don ya san ba ƙarya aka yi mata ba, za su iya.

Mai ɗaukar hoton jami'a ya rantse batirinsa ya mutu tun farkon taro. Sufeto ya karɓi kyamarar ya danna, ta kawo wuta tas.

"Ikon Allah, ta farfaɗo," in ji Sufeto. "Zauna mu kalla tare."

Bidiyon ya nuna komai. Hayaƙi ya cika ɗaki, ɗalibai sun jeru a bayan igiya. Can sai ga hannu a jikin gilashi, yana bugu. Wata ta ce, "Kai, Lauya ta iya wasa," aka yi dariya. Abokiyar kwananta ta tsallake igiya da gudu, Saje ya cafke ta a wuyan hannu. 'Yan agaji na tsaye da gadon ɗaukar marasa lafiya suna kallon bakinsa. Usur na leɓensa, amma idonsa ba ya kan taga, yana kan ƙofar shiga harabar. Hannun ya daina bugu. Aka jima, aka ƙara jimawa. Baƙar motar shugaban jami'a ta shigo, aka buɗe masa, ya gyara riga ya tsaya inda kyamara za ta kama shi. Sannan usur ya yi ƙara.

Sufeto ya sa aka kira Saje da abokiyar kwanan zuwa ofishin tsaro, ya kunna musu. Ba a kai ƙarshe ba ta fashe da kuka.

"Lauya ta faɗa masa. A gabana ta ce tana da asma, ya bar ta ta riƙe abin shaƙarta. Ya ce in gobarar gaske ce za ta koma ɗaukar jaka? Ya ce hayaƙin wasa ne."

Saje ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Na ga hannun," ya ce a hankali. "Na ɗauka za ta iya jurewa kaɗan. Bara mun yi gwajin nan, shugaba ya zo an riga an watse, aka ce ba a ga aikinmu ba. Aka ce bana in bai gani da idonsa ba za a rufe sashen. Ka san shekarun da na yi a wannan muƙamin, abokina."

"Na sani."

"Cewa aka yi shugaba yana kan hanya."

"Miƙo hannunka, Saje."

Ya miƙa. Sufeto ya sa masa ankwa da kansa, bai bar wa kofur ɗin da ke tare da shi ba, kuma bai ji daɗin komai a ciki ba. Magatakarda ya leƙo yana tambaya ko za a iya fita da shi ta ƙofar baya. Sufeto ya ce ta gaba, kuma shi ma ya shirya, gobe zai zo ya yi bayanin maganar jarrabawa. Shugaban jami'a kuwa tuni motarsa ta fita, an ce yana da wani taron.

Aka wuce da Saje ta ƙarƙashin babban ƙyallen da ya ɗaura da hannunsa, mai cewa ɗan sanda abokin kowa ne. Ɗalibai suka dare suka ba da hanya.

Mahaifin na nan kan benci. Sufeto ya miƙa masa jakar.

"Baba, ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗa. Duk abin da aka ce ta yi, shi ta yi."

Tsohon ya buɗe jakar, ya ɗauko usur ɗin cikin ledarsa yana jujjuya shi.

"Ni na koya mata," ya ce. "Tun tana ƙarama nake ce mata, in ɗan sanda ya ce ki tsaya, ki tsaya."