Saiwar da Aka Sara Babu Izini

Kwana uku ke nan da Merli ta haihu, jini bai tsaya ba. Leɓɓanta sun yi fari fat, jaririn na kuka ba ta iya ɗaga shi, jirgin ruwan da ke kai mutane asibiti kuwa sai jibi. Da yamma uwarta Zoila, wadda shekara arba'in ke nan a hannunta ƙauyen ke karɓar magani, ta ɗauki adda da kwando.

"Inna, rana ta kusa faɗuwa, ki bari da safe mu je tare," in ji Wilder, mijin Merli.

"Kai da ko rogo mai ɗaci ba ka iya ganewa? Zauna ka riƙe matarka. Saiwar itacen wasai zan saro a fadama kawai, yanzu zan dawo."

Kowa ya san ƙa'idar fadamar nan. Kafin ka taɓa itace sai ka busa masa hayaƙin taba, ka gaya wa Uwar Fadama, aljanar da ke tsaron wurin, buƙatarka. Zoila ce ma ke ja wa mutane kunne a kan haka. Ta bi ta kan kututturan aguahe, wani itace mai kama da giginya, da suka faɗi, tana sara shaida a jikin itatuwa don ta gane hanyar komawa. Ƙasa na lotsawa ƙarƙashin ƙafarta, baƙin ruwa na ɓulɓulowa da warin ruɓaɓɓen ganye. Da ta isa gindin wasai, siririn itacen nan dangin dabino, ta laluba aljihu, sai ta tarar taba ta jiƙe sharkaf, ashana ma haka.

Ta tuna fuskar Merli. "A yi min afuwa, gobe zan kawo," ta ce, ta sassare jar saiwar ta zuba a kwando.

Kwaɗi suka yi tsit lokaci guda.

Ta juya neman shaidarta. Ga ta a itacen gabanta. Ga ta a na dama, ga ta a na hagu. Duk itacen da idonta ya kai da sara ɗaya a jikinsa, irin na hannunta sak, ɗanye, yana tsiyayar ruwa.

Ta taka inda take zaton hanya ce, ƙafar ta nutse har gwiwa. Ta yunƙura, ɗayar ta bi. Laka mai sanyi ta kai cinya, ta kai ƙugu. Tsoro ya kama Zoila irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Can ƙasa wani abu ya riƙe idon sawunta. Yatsu ne, dogaye.

"Ba ki nemi izini ba," wata murya ta raɗa mata a bayan kunne.

"'Yata ce za ta mutu."

"Ajiye saiwar ki tafi."

Ruwa ya kai ƙirji. Zoila ta ɗaga kwandon bisa kanta da hannu biyu.

"Ba zan ajiye ba."

"To bar min sauran."

Ba ta san wane saura ake nufi ba, ba ta kuma tsaya tambaya ba. "Ɗauki."

Wani sanyi ya shafi goshinta. Yatsun suka sake ta. Ta kama wata saiwa ta ja jiki da rarrafe, ta ga shaidarta ta koma layi ɗaya, ta bi ta da gudu ko waiwaye babu.

Aka dafa saiwar, Merli ta sha, jini ya tsaya. Bayan kwana uku tana zaune tana cin gasasshen kifi da ayaba.

"Inna, nonon ba ya isar sa," ta ce. "Ɗebo min ganyen nan da kike dafa wa masu jego mana."

Zoila ta zagaya bayan gida, inda ta shuka magungunanta da hannunta. Ta daɗe a tsaye. Ta murza wannan ta shinshina, ta tauna wancan. Duk ganye ne kawai, kore, babu ko ɗaya da ta san sunansa balle amfaninsa. Sai a lokacin ta gane abin da ta bayar, ta yi kukanta a nan ba mai ganinta.

"Inna, kin samo?"

Zoila ta goge fuska da bakin zane, ta koma ɗaki hannu rabbana.

"Tsufa ya zo, 'yar nan, na manta," ta ce. "Cinye kifinki. Miƙo min jikana in riƙe miki."